Daga gora zuwa kwalkwalin tagulla: Tsofaffin kayan nutso da abin da matasa za su koya daga gare su

A duk lokacin da jirgin ruwa ya kife ko wani ya nutse a Arewacin Najeriya, akwai jimlar da ba ta ɓacewa daga rahotanni: masu nutso na yankin suna ci gaba da lalube. Ita aka ji sa'ad da kwalekwale ya kife da fasinjoji, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021. Ita aka sake ji da jirgin manoma ya kife kusa da Gummi a Jihar Zamfara a Satumban 2024. Mutanen da ake nufi suna shiga ruwa ne da iskar da ƙirjinsu ya iya ɗauka, sai igiya idan an samu.

Ba laifi ba ne matasa su so abin da ya fi haka. Suna ganin masu nutso na ƙasashen waje a wayoyinsu, tukunyar iska a baya, gilashi a fuska, kuma yanzu ana iya yin odar irin waɗannan kaya ta intanet, sababbi ko na gwanjo. Sai dai kayan zamani a rufe suke, suna aiki ba tare da sun nuna wa mai su yadda suke yi ba. Tsofaffin kuwa a buɗe suke. Ana ganin inda iska take shiga da inda take fita, kuma kusan kowane bawul da ke jikinsu an ƙara shi ne bayan wani ya ji ciwo ko ya rasa ransa. Shi ya sa ƙungiyoyin tarihin nutso, irin wadda aka kafa a Birtaniya a 1990, suke adana su, suna kuma ba matasa damar gwada su a gaban ƙwararru.

Ruwan da ake magana a kai

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bungudu, ya zuba a tafkin Bakolori kusa da Talata Mafara, inda aka kammala ginin madatsa a 1978, sannan ya wuce ya haɗu da gulbin Rima. A Gusau akwai madatsar da gari ke samun ruwan sha daga gare ta, wadda ta ɓalle a ƙarshen Satumban 2006 bayan mamakon ruwan sama, aka yi asarar rayuka da ɗaruruwan gidaje. A ɓangaren Tsafe da ƙauyukan gindin duwatsu irin su Kwatarkwashi, ruwan da ke cin mutane ba gulbi ba ne kaɗai. Akwai kududdufai, da rijiyoyi, da ramukan haƙar ƙasa da damina ke cikawa.

Abin da ya haɗa waɗannan ruwaye shi ne duhu. Da damina mutum ba ya ganin tafin hannunsa a ƙarƙashinsu, ga laka, ga rassan itace da tsofaffin ragar kifi. Kayan nutson shaƙatawa da ake gani a bidiyo an tsara su ne domin teku mai haske, inda abokai biyu ke magana da yatsu suna kallon juna. Tsofaffin kayan aiki kuwa an ƙera su ne domin tashoshin jiragen ruwa da gindin gadoji da ramuka masu taɓo, wato ruwa irin namu.

Kayan gida

Kafin a tafi Turai, ƙasar Hausa tana da nata tsofaffin kayan. Sarkawa da masunta sun daɗe da gora da homa. Gora ita ce ke riƙe mutum a saman ruwa ya huta, ita ce kuma ma'ajiyar kifin da ya kama. Ana ganin wannan a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa a siffarsa ta yanzu da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. A wasannin kabanci na bikin har gasar kurme ake yi. Ga kuma igiyar da ake ɗaura wa mai shiga rijiya, da ƙugiyar tsamo guga, da fitilar da magina rijiya kan zura su ga ko za ta mutu kafin mutum ya sauka.

Mafi muhimmanci a cikin kayan gidan ba abin hannu ba ne, tsari ne. Ba a shiga Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. A aikin nutso na zamani ma akwai mutum guda da ke tsaye a sama, shi ke cewa a shiga, shi ke cewa a fito, kuma ba a musu da shi. Sunan ne kawai ya bambanta.

Ƙwaryar da aka kife

Duk wanda ya ga ƙwaryar da mata ke kifewa a kan ruwa a kiɗan amada ya ga asalin na'urar nutso ta farko. Iskar da ke cikin ƙwaryar ba ta da hanyar fita, don haka ruwa ba ya cika ta. Idan aka yi ƙwaryar da girman ɗaki, aka rataya mata nauyi, mutum zai iya zama a ciki a ƙarƙashin ruwa. Turawa suka kira ta ƙararrawar nutso saboda siffarta. Matsalarta ita ce iskar ciki tana gurɓacewa. A 1691 masanin taurari Edmond Halley na Ingila ya magance wannan ta hanyar zura gangunan iska masu nauyin dalma zuwa ƙasa, har shi da abokansa suka yi sama da sa'a ɗaya da rabi a zurfin kusan mita 18.

Wannan ƙa'ida ce ta ceci Harrison Okene, mai dafa abinci a jirgin Jascon-4 da ya kife a gaɓar tekun Najeriya a Mayun 2013. Ya shafe kusan sa'o'i 60 a wani lungu da iska ta maƙale, a zurfin kimanin mita 30. Masu nutson da suka same shi ba su fito da shi sama kai tsaye ba. Sun sa shi a ƙararrawar zamani, daga nan zuwa ɗakin matsin iska, inda ya ƙara kwanaki kafin ya shaƙi iskar waje. Dalilin haka zai zo a gaba.

Kwalkwalin tagulla

A 1823 Charles Deane ya yi rajistar wani kwalkwali domin shiga gidan da ke cin wuta, ana tura masa iska ta tiyo. Masu kashe gobara ba su karɓe shi ba, sai shi da ɗan'uwansa John suka mayar da shi na shiga ruwa. Kwalkwalin nasu zaune kawai yake a kafaɗa, rarar iska na fita ta ƙasansa, saboda haka da zarar mai nutso ya sunkuya sosai ko ya faɗi, ruwa ya cika shi. Augustus Siebe, Bajamushe mazaunin Landan, shi ya fito da samfurin da ake ɗaure kwalkwali da rigar tamfol mai roba da noti goma sha biyu, ruwa ba ya shiga. An gwada shi sosai tun daga wajen 1840 a aikin kwashe tarkacen jirgin yaƙi Royal George, wanda ya nutse a 1782, kuma bai canja siffa ƙwarai ba har sama da shekara ɗari.

Sanannen jikansa shi ne Mark V na sojojin ruwan Amurka, wanda aka yi aiki da shi daga 1916 zuwa 1984. Kwalkwali da allon ƙirji kusan kilo 25 ne, ɗamarar dalma kusan kilo 38, takalma kusan kilo 16, idan aka haɗa da riga ana maganar kusan kilo 90, abin da ya kusa buhun siminti biyu. Mai nutso ba ya iya sa kayan da kansa, ba ya iya cire su da kansa. Wani ne ke ɗaure masa noti, wasu na juya famfo, wani na riƙe da igiya da tiyo. Wannan ne darasi na farko da kayan ke koyarwa tun kafin a taɓa ruwa: nutso aikin jama'a ne, kuma na sama sun fi na ƙasa yawa.

Akwai bawul biyu a jikin kwalkwalin da ya kamata matashi ya riƙe a hannunsa ya duba. Na farko yana wurin da tiyo ke shiga, yana barin iska ta shigo amma ba ya barin ta koma. Kafin a sa shi, idan tiyo ya fashe a sama, iskar cikin riga sai ta tsere gaba ɗaya, ruwa ya matse jikin mutum yana tura jini da nama zuwa cikin kwalkwalin. Na biyu shi ne na fitar da iska, wanda mai nutso ke iya dannawa da haɓarsa. Idan aka rufe shi fiye da kima, riga ta kumbura, hannaye su sandare, mutum ya taso sama kamar gora ba tare da ya iya tsayar da kansa ba.

Sai maganar igiya. Kafin a sa waya a kwalkwali, da ja ake magana. A tsarin sojojin ruwan Amurka, idan na ƙasa ya ja sau ɗaya yana nufin lafiya lau, biyu a sassauta masa igiya, uku a janye rarar igiya, huɗu a fito da shi. Na sama yana maimaita jan domin a san ya ji. Ba a buƙatar batir, ba a buƙatar haske, kuma ƙungiyar masu ceto a Bungudu za ta iya koyon wannan da yamma guda a kan busasshiyar ƙasa.

Misalin da ya fi kusa da ruwanmu shi ne na William Walker. Daga 1906 zuwa 1911 ya yi aikin tallafe harsashin babban cocin Winchester a Ingila, a cikin ramukan da ruwan laka ya cika, zurfinsu ya kai mita 6, cikin duhun da ba a ganin komai. Kusan sa'o'i shida yake yi a rana, ya jera buhunan kankare fiye da 25,000 da lalube kawai. Har yau, aikin madatsun ruwa da na rijiyoyin mai a teku da jikokin wannan tsari ake yin sa: iska daga sama, igiya a jiki, mai kula a bakin ruwa. Hukumar da ke son duba ƙofofin madatsa irin ta Gusau ko Bakolori, wannan tsarin ya kamata ta nema, ba tukunyar goyo ba.

Kuma ƙofar madatsa tana da nata tarkon. Idan ruwa ya fi tsawo a gefe ɗaya, duk wata kafa tana zuƙa. Lissafi ya nuna kafa mai faɗin santimita 30, da bambancin ruwa na mita 3 kacal, tana riƙe abin da ya toshe ta da ƙarfin da ya haura kilo 200. Ba wanda zai ɓamɓare kansa daga wannan. Sai an rufe komai an daidaita ruwa kafin mutum ya sauka.

A nan akwai gargaɗi ga masu dabara. Ganin sauƙin tsarin, wani zai ce ai injin masu faci da dogon tiyo sun wadatar. A Filifin masunta da masu haƙar zinare suna yin haka, kuma suna mutuwa. Injin faci yana haɗa iska da tururin mai, yana kuma iya zuƙo hayaƙin injinsa, mai ɗauke da gubar da ba ta da launi ko wari. A zurfin mita 10, kowane numfashi yana shigar da ninki biyu na gubar.

Tukunya a baya

Tunanin raba mai nutso da tiyon sama ya fara ne da wuri. Benoît Rouquayrol, injiniyan ma'adinai a Faransa, ya ƙera na'urar da ke sakin iska daidai lokacin da mutum ya ja numfashi, kuma a 1864 shi da jami'in sojan ruwa Auguste Denayrouze suka mayar da ita ta nutso. A 1878 Henry Fleuss na Ingila ya fito da wadda ke tace numfashi ta sake mayar da shi da ƙarin oksijin. Da ita Alexander Lambert ya shiga ramin jirgin ƙasa na Severn da ruwa ya cika a 1880 domin rufe wata ƙofa. Daga baya aka gane cewa oksijin zalla yana jawo farfaɗiya idan an wuce zurfin kamar mita 6. Don haka tukunyar nutso iska ce tatacciya ake cika ta da ita, ba iskar masu walda ba, ba ta asibiti ba.

Abin da ake kira sukuba a yau ya samo asali ne a 1943, bayan Jacques Cousteau ya haɗu da Émile Gagnan, injiniyan kamfanin Air Liquide, wanda ya riga ya ƙera regileta domin motocin da ke aiki da gas saboda ƙarancin fetur na lokacin yaƙi. A gwajin farko a kogin Marne, iska sai ta riƙa kwarara idan Cousteau ya miƙe tsaye, ta ƙi zuwa idan ya juya kansa ƙasa. Suka gano cewa dole mafitar numfashi ta kasance a wuri ɗaya da faifan robar da ke buɗe iska. Suka ƙara tiyo na biyu da ke mayar da numfashi bayan wuya. Wannan ne asalin regileta mai tiyo biyu ta Aqua-Lung, da samfurin Mistral na 1955.

Mai tiyo biyu malama ce mai kyau. Domin faifan robar yana bayan kafaɗa, numfashi yana sauyawa da yadda mutum ya kwanta: idan ya yi rub da ciki sai ya ɗan ja da ƙarfi, idan ya yi rigingine iska ta tunkuɗo kanta. A jikinsa yake jin cewa tazarar taƙi guda a ruwa tana da matsi. Ba ta da maɓallin fitar da ruwa, idan ya shiga sai an karkata hagu an hura. Mai tiyo ɗaya, wadda Ted Eldred ya fara sayarwa a Ostireliya a farkon shekarun 1950 da sunan Porpoise, ita ta kawar da waɗannan wahalhalu, ita ce kuma ake amfani da ita yanzu.

Masu nutson wancan zamani akasari ba su da gejin da ke nuna ragowar iska. Abin da suke da shi bawul ne da ake kira J, mai sifirin da ke toshe iska idan ta rage kimanin ba 20. Numfashi ya yi nauyi, mutum ya ja wata sandar ƙarfe a gefen tukunya, ragowar ta buɗe, ya kama hanyar sama. Aibinsa shi ne reshe ko igiya na iya jan sandar ba da saninsa ba, sai ya kai hannu ya tarar an riga an cinye ajiyar. Haka nan ba su da rigar daidaita nauyi, sai a 1961 samfurin Fenzy mai kama da ƙwanƙwaryar wuya ya fito. Kafin nan, wanda ya ɗaura dalma fiye da kima da ƙafafunsa zai biya.

Inda gwanin kurme ya fi kowa shiga haɗari

Kowane zurfin mita 10 yana ƙara wa jiki matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Mai kurme ya cika huhunsa a sama, ya sauka iskar ta matse, ya taso ta koma yadda take. Babu matsala. Amma mai tukunya yana cika huhunsa ne a ƙasa da iska matsattsiya. Idan ya riƙe numfashi daga mita 10 ya taso, iskar za ta nemi ninka girmanta, huhu ya yage, kumfa ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Tasowar da ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba da cikakken huhu tana iya yin wannan ɓarna.

Ke nan ɗabi'ar da ta raya Basarke shekara talatin, wato riƙe numfashi, ita ce za ta iya kashe shi ranar farko da aka goya masa tukunya. Jami'in da ya raba kayan sukuba ga masu nutson gargajiya ba tare da horo ba, bai taimake su ba.

Haɗari na biyu a hankali yake zuwa. Iskar naitirojin tana narkewa a jini gwargwadon zurfi da daɗewa, idan aka taso da sauri sai ta yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe bayan girgizawa. Tana kama gaɓoɓi, tana iya shanye ƙafafu. Paul Bert na Faransa ya bayyana dalilin a 1878, John Scott Haldane da abokan aikinsa suka fitar da jadawalin tasowa mataki-mataki a 1908 bayan gwaje-gwaje da awaki. Wannan ne ya sa ba a fito da Okene kai tsaye ba. Maganin ciwon shi ne ɗakin matsin iska, kuma harkar nutson sana'a a Najeriya a bakin teku ta tattaru, Legas da Fatakwal da Warri, tafiyar yini guda ko fiye daga Gusau a mota.

Abin da ba a gadonsa

Ana koyo da tsofaffin kaya, amma ba duka ake jingina rai da su ba. Tsofaffin jadawalai sun ba da izinin tasowa da saurin mita 18 a minti, sojojin ruwan Amurka suka rage shi zuwa mita 9 a 1993. Tiyon roba da faifan regileta suna tsattsagewa da tsufa, balle a zafin bazara na ɗakin ajiya mai rufin kwano. Agogo da gejin da aka yi kafin shekarun 1960 wasunsu an shafa musu sinadarin radiyom domin su yi haske a duhu, ba a buɗe su.

Tukunya ce ta fi buƙatar idon ɗan kasuwa. A kafaɗarta aka buga tarihinta: kamfani, matsin da take ɗauka, da watan da shekarar kowane gwaji. A Amurka duk shekara biyar ake yi mata gwajin matsin ruwa, ana kuma leƙa cikinta duk shekara. Tsohuwar tukunyar ƙarfe ta Amurka kimanin ba 155 aka yi ta domin ɗauka, na yanzu suna ɗaukar 200 zuwa 232, don haka cika tsohuwa da gejin sabuwa ganganci ne. Tukwanen alminiyom da kamfanin Luxfer ya yi daga 1972 zuwa tsakiyar 1988 da haɗin ƙarfe mai lamba 6351 an san wasunsu da tsagewa a wuya, sai an yi musu gwaji na musamman. Sabon fenti a kan tukunyar gwanjo ba shaida ba ne, dalilin ƙarin tambaya ne.

Akwai kuma batun tudu. Jadawalin tasowa an lissafa shi ne a kan bakin teku, kuma ƙa'ida ita ce a yi gyara idan wuri ya haura mita 300. Gusau tana kusan mita 450, Tsafe da Bungudu ma sun haura wancan iyaka. Iskar sama ta fi sauƙi a nan, don haka nutson mita 15 a gulbin Sakkwato ana lissafa shi kamar ya ɗara haka. Kwamfutar hannu ta zamani tana yin gyaran idan an saita ta, amma gejin allura na da yakan nuna ƙasa da zurfin gaskiya.

Akwai tsohon geji guda da tudu ba ya ruɗa ta wannan fuska. Siririn bututu ne mai haske, toshe a baki ɗaya, naɗe a kan faifai mai lambobi. Ruwa na shiga yana matse iskar ciki, a zurfin da matsi ya ninka sai ya kai rabin bututun. Da yake da iskar wurin yake farawa, a kan tudu yana nuna lamba sama da zurfin gaskiya, kusan daidai da wadda jadawalin bakin teku ke buƙata. Ba shi da sifirin, ba shi da batir, kuma ya fi inganci a mita goman farko. Laka kan toshe bakinsa, don haka a ruwa irin na Gusau sai an zare bututun an wanke shi an busar bayan kowace shiga.